Ga Ƙannena Masu Fasfon Amurka: Maganar Ƙuri'a

Ƙannena, da ku nake, ku da kuke zaune a Kano, Kaduna, Abuja, Yamai, Damagaram, Akara ko Kumasi, alhali kuna riƙe da fasfon Amurka. Kun fi yawan da ake zato. Wasunku a can aka haife su, lokacin da iyaye suke karatu ko aiki, aka dawo da su gida suna goye. Wasu sun je da ƙuruciya, sun sha sanyin Bronx ko na Minesota, sun cika shekarun da doka ta nema, sun yi rantsuwar zama 'yan ƙasa, sannan kasuwanci ko aure ko hidimar tsofaffi ta dawo da su. Wasu kuma nan aka haife su, amma ta wajen uwa ko uba suka gaji zama 'yan ƙasar. Na ga yadda kuke tattalin wannan fasfo. Ana adana shi wurin da ruwa ba ya taɓawa, ana sabunta shi kafin ya mutu, ana fito da shi a filin jirgi a wuce layin da wasu suke kwana a kai. Ban ga laifin haka ba. Abin da ke damuna shi ne, a duk hirar da ake yi kan fasfon nan, da wuya ka ji an ambaci ƙuri'a, alhali ita ce mafi nauyi a cikin abin da yake ɗauke da shi.

Da yawanku ba su ma san suna da ita ba. To, kuna da ita. Kusan duk ɗan ƙasar Amurka da ya cika shekara 18 yana da damar zaɓen shugaban ƙasa da sanatoci da ɗan majalisar wakilai, ko da ya shekara talatin bai taka ƙasar ba. Ba da can haka abin yake ba. Sojoji aka fara buɗe wa ƙofa, da dokar 1942, a tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu. Farar hula da ke zaune a waje sai da suka yi ta kai koke kafin majalisa ta amince musu a 1975. A 1986 Shugaba Ronald Reagan ya sa hannu kan dokar da ta haɗa waɗannan tanade-tanade wuri guda, wadda ake kira UOCAVA, kuma ita ce ginshiƙin da ake kai har yau. A 2009 aka ƙara mata ƙarfi: aka wajabta wa jihohi su aika wa mai zaɓe na waje takardar ƙuri'arsa aƙalla kwana 45 kafin ranar zaɓe, su ba shi zaɓin karɓarta ta intanet, kuma su daina tilasta masa neman hatimin jami'in rantsuwa. Ku kuma tuna cewa ku baƙaƙen fata ne. A ranar 7 ga Maris 1965, a kan gadar Edmund Pettus da ke garin Selma, 'yan sanda sun fasa kan ɗan gwagwarmaya John Lewis, sun yi wa ɗaruruwan masu tattaki dukan kawo wuƙa, ba don komai ba sai don sun ce a bar baƙar fata ya yi rajistar zaɓe. Jinin da aka zubar a ranar na cikin abin da ya haifi dokar 'yancin zaɓe ta 1965. Abin da kuka samu a sauƙaƙe, wasu da jikinsu suka biya.

Duk da haka, ofishin FVAP, wanda ke ƙarƙashin ma'aikatar tsaron Amurka kuma aka ɗora masa taimakon masu zaɓe daga waje, ya ƙiyasta cewa Amurkawa kusan miliyan 3 ne suka isa zaɓe a ƙasashen waje, kuma a zaɓen 2020 waɗanda suka jefa ƙuri'a a cikinsu ba su kai kashi 10 cikin 100 ba. A cikin ƙasar kuwa, kusan kashi biyu cikin uku ne suka fito a wannan zaɓen.

Na san abin da wasu za su ce: mu da muke nan, ina ruwanmu da siyasar Washington? Ku dubi unguwarku, za ku ga amsar. A ƙarshen Janairun 2020 gwamnatin Donald Trump ta dakatar da ba 'yan Najeriya bizar zama ta dindindin. Mata da miji da suka shekara suna jiran haɗuwa suka tsaya cak, iyayen da 'ya'yansu suka nema musu takardu suka koma zaman jira. Ranar 20 ga Janairun 2021, ranar da aka rantsar da Joe Biden, ya soke wannan umarni da alƙalami ɗaya. A Yunin 2025 Chadi da Sudan suka shiga jerin ƙasashen da aka hana mutanensu shiga Amurka. Shirin PEPFAR, wanda George W. Bush ya kafa a 2003, shi ya riƙa sayen maganin da ya rayar da ɗimbin masu ƙanjamau a asibitocinmu. Da aka rushe hukumar USAID a 2025, girgizar ta isa har cibiyoyin kula da yara masu tamowa a Borno da Yobe. Sashen Hausa na Muryar Amurka, wanda kakanninku suka saba kamawa a rediyo tun 1979, ya yi shiru a Maris ɗin 2025 sakamakon umarni daga Fadar White House. Jiragen yaƙi samfurin Super Tucano guda 12 da Najeriya ta karɓa a 2021, wata gwamnati ce ta riƙe cinikinsu, wata ta sake shi. Sansanin jirage marasa matuƙa da aka gina a Agadas, aka kuma kwashe sojojinsa a 2024, da kuɗin da majalisar Amurka ta amince aka gina shi.

Ba ina jera waɗannan don in ce muku wane ne na kirki, wane ne mugu ba. Kowace jam'iyya a can tana da abin da ta yi mana da abin da ta yi a kanmu, kuma mutanen kirki suna saɓani a kan wanne ya fi. Abin da nake so ku gani shi ne: matar da ke riƙe da yaro a layin asibiti a Maiduguri, da ɗalibin da aka hana biza a Njamena, da dattijon da ya murɗa rediyonsa bai ji muryar da ya saba ji ba, dukansu hukuncin ya faɗa a kansu, amma babu mai ta cewa a cikinsu. Kai da kake cin tuwo kwano ɗaya da su, kai kaɗai ne a gidan kake da ita. Shi ya sa nake kallon wannan ƙuri'a a matsayin amana, ba abin da za a yi in an ga dama ba.

Mai cewa ƙuri'a ɗaya ba ta sauya komai, ya dubi tarihin ƙasar. Ba jimillar ƙuri'un ƙasa ke naɗa shugaba ba. Kowace jiha tana da adadin wakilan zaɓe, gaba ɗayansu 538, kuma wanda ya sami 270 shi ne shugaba. In ban da Maine da Nebraska, wanda ya ci jiha ko da da ratar ƙuri'a ɗaya ce, shi ke kwashe wakilanta duka. A 2000, ratar ƙuri'a 537 a Fulorida ce ta ba George W. Bush mulki, kuma ƙuri'un da suka zo daga ƙasashen waje na cikin waɗanda lauyoyin ɓangarorin biyu suka yi ta ja-in-ja a kansu, ambulan bayan ambulan. A 2020 ratar da ke tsakanin Biden da Trump a Jojiya 11,779 ce kacal, a jihar da mutum kusan miliyan 5 suka yi zaɓe. A shekarar dai, Mariannette Miller-Meeks ta ci kujerar majalisar wakilai a Iowa da ratar ƙuri'a 6. Gaskiya ne, wanda rajistarsa take a jihar da jam'iyya ɗaya ta saba cinyewa ba zai ga tasirin ƙuri'arsa a zaɓen shugaban ƙasa kamar na ɗan Jojiya ko Mishigan ba. Amma shugaban ƙasa ba shi kaɗai ne a takardar ba. Duk shekara biyu ake zaɓen 'yan majalisar wakilai 435 baki ɗaya, da kusan sulusin sanatoci 100. Su ke riƙe da lalitar gwamnati, su ke rubuta dokar shige da fice, kuma majalisar dattawa ce ke tantance jakadun da ake turo mana da alƙalan kotun ƙoli. Wanda ya jira sai shekarar zaɓen shugaban ƙasa ya bar rabin aikin.

Yanzu ga yadda ake yi, kuma a nan nake so ku natsu, domin yawancin ƙuri'un da ke ɓacewa ba ƙin yi ke ɓatar da su ba, rashin sanin hanya ne da jinkiri.

Ku cire tsarin INEC daga ranku. Amurka ba ta da hukumar zaɓe ɗaya da ke rajistar kowa. Kowace jiha da dokarta, kuma ainihin aikin a hannun ƙananan ofisoshi yake, na gunduma ko na gari, dubbai a faɗin ƙasar. Saboda haka tambayar farko ita ce: wace jiha ce taka? Doka ta ce jiharka ita ce inda ka zauna na ƙarshe kafin ka baro ƙasar, kuma adireshin wannan gidan shi ne adireshin zaɓenka. Ba kome ko haya kuka yi, ko an sayar da gidan, ko an rushe shi, ko ba ka san kowa a unguwar ba yanzu. Wanda aka dawo da shi yana jariri, ya zauna da mahaifinsa ko mahaifiyarsa ya tambayi lambar gida da sunan titi da gari. In sun manta, a duba tsofaffin takardu: takardar haihuwa, takardun makaranta, wasiƙun banki. Wanda kuma bai taɓa zama a Amurka ba, fiye da rabin jihohi suna ba shi damar yin amfani da adireshin ƙarshe na mahaifin da ya gada ta wajensa, wasu kuwa ba sa bayarwa, don haka sai ya duba dokar jihar. A nan zan ɗan karkata ga ku da kuka fara iyali: in ɗanku ya cancanci zama ɗan ƙasa ta wajenku, takardar shaidar haihuwa a waje da ofishin jakadanci ke bayarwa kafin ya cika shekara 18 ake nemanta. Kada ku bari ya girma ya tarar kun yi masa sakaci.

Da ka san jiharka, sai fom ɗin da ake kira FPCA. Shafi ɗaya ne na tambayoyi, kyauta ne, yana shafin fvap.gov, kuma aiki biyu yake yi a lokaci guda: yana yi maka rajista, yana kuma neman a aiko maka da takardar ƙuri'a. Za a tambaye ka suna, ranar haihuwa, tsohon adireshinka na can, inda kake zaune yanzu, da lambar lasisin tuƙi na jihar ko lambobin ƙarshe na lambar Social Security. Za a kuma tambaye ka ko kana da niyyar komawa, ko komawar ba tabbas, ko ba ka taɓa zama ba. Faɗi gaskiyar abin da ke ranka, domin a wasu jihohi amsar ce ke tantance ko za a ba ka takardar da ta haɗa da muƙaman jiha ko ta tarayya kaɗai. Inda aka tambayi hanyar da kake so a aiko maka, zaɓi imel ko intanet. Duk wanda ya taɓa jiran wasiƙa daga waje a akwatin gidan waya ya san dalili. Ka buga fom ɗin, ka sa hannu da alƙalami, kuma ka riƙe irin sa hannun nan, domin da shi za a gwada wanda za ka yi a kan ambulan ɗin ƙuri'a. Mafi kyau a aika sabon fom a kowane Janairu, da kuma duk lokacin da ka sauya gida. Rajistar da aka yi shekara huɗu da suka wuce ba a dogara da ita.

Ranar zaɓe ita ce Talatar da ke bin Litinin ta farko a Nuwamba, amma wannan rana ba taku ba ce. Taku tana cikin Satumba, wajen mako na uku, lokacin da takardar za ta faɗo cikin imel ɗinku. Cike ta a makon, mayar da ita a makon. Wasu jihohi suna karɓa ta imel ko faks ko shafinsu na intanet. Wasu kuwa sai takarda a cikin ambulan. Wasu suna neman sa hannun shaida. Wasu suna ƙidaya ƙuri'ar da ta iso bayan ranar zaɓe in hatimin gidan waya ya nuna an aiko ta a kan lokaci, wasu kuma in ta makara da sa'a ɗaya ta mutu. Kada ka ɗauki dokar jihar abokinka ka ɗora wa taka.

Akwai kuskuren da ake yawan yi: a zaci ofishin jakadanci rumfar zaɓe ce, a bari sai ranar a tafi Abuja ko Legas ko Yamai a shiga layi. Babu akwatin zaɓe a can. Abin da suke yi shi ne su karɓi ambulan ɗinka a rufe su saka a jakar diflomasiyya zuwa Amurka, inda zai shiga gidan wayar ƙasar. Don haka sai ambulan yana ɗauke da kan sarkin Amurka, ko kuma ya zama irin wanda aka riga aka biya, wanda ake iya bugowa daga shafin FVAP. Jakar tana ɗaukar makonni. Wanda lokaci ya ƙure masa kuma yana da hali, ya bi ta kamfanin aika saƙo na gaggawa. In kuwa ka nemi takarda a kan lokaci amma Oktoba ta kama ba ta zo ba, akwai ta ko-ta-kwana mai suna FWAB, wadda kake rubuta sunan ɗan takara ko jam'iyyarsa da hannunka. In ta ainihin ta iso daga baya, cike ta ita ma ka aika. Guda ɗaya kawai ofishin zaɓe zai ƙidaya.

Sai gargaɗi, kuma da babbar murya nake yin sa. Wannan dama ta ɗan ƙasa ce kaɗai. Mai katin zama na dindindin, wanda ake ce wa girin kad, ba ɗan ƙasa ba ne, mai biza ma haka. In ɗayansu ya yi rajista ko ya jefa ƙuri'a a zaɓen tarayya, ya aikata laifin da kan jawo ɗauri da kora, ya kuma toshe wa kansa hanyar zama ɗan ƙasa. Kada zumuɗi ya sa ka ja ɗan'uwanka cikin wannan rami. Kada ka ari adireshin wani kawu a Jojiya don ka ji can ne ake fafatawa, alhali a Meriland ka zauna. Fom ɗin nan rantsuwa ce, kuma ƙarya a cikinsa laifi ce a dokarsu, zunubi ne a addininmu. Kada ka miƙa fasfonka da lambobinka ga mai shagon buga takardu ya cike maka. Je ka buga abinka, ka goge shi daga kwamfutarsa kafin ka fita. Babu wanda ya isa ya karɓi kuɗi a hannunka don rajista. Iyaye kuma, Allah ya ƙara girma, ku ba da shawara, amma ku bar yaro ya yi zaɓinsa shi kaɗai. Mun ga abin da sayen ƙuri'a da taliya da atamfa ya yi wa zaɓen ƙasashenmu. Kada mu ɗauki halin mu kai shi wani wuri.

Tsoro iri biyu na hana wasu. Na farko haraji. Gaskiya ne Amurka tana bin 'yan ƙasarta da takardar haraji duk inda suke zaune, in abin da suke samu ya kai wani adadi, amma wannan wajibi daga zama ɗan ƙasa ya taso, yana nan ko ka yi zaɓe ko ba ka yi ba. Zaɓen muƙaman tarayya kaɗai ba ya sa wata jiha ta ɗora maka harajinta. Muƙaman jiha da na ƙananan hukumomi ne suke buƙatar a bincika kafin a taɓa. Na biyu, masu ƙasa biyu suna fargabar cewa in sun yi zaɓe a nan za su rasa can. Kotun ƙolin Amurka ta raba wannan gardama tun 1967, a shari'ar Beys Afroyim, mutumin da aka ƙwace wa zama ɗan ƙasa don ya yi zaɓe a Isra'ila. Kotun ta ce gwamnati ba ta da ikon raba mutum da ƙasarsa ba da yardarsa ba. Tsarin mulkin Najeriya shi ma ya yarda wanda yake ɗan ƙasa ta haihuwa ya riƙe wata ƙasar. Saboda haka karɓi katin zaɓenka na INEC, ka shiga layi a mazaɓarka, ka kuma aika taka ta can. Ba na son jin wanda ya san sunan sanatan Pensilbaniya amma bai san kansilan unguwarsu ba.

Akwai tambayar da ta fi waɗannan nauyi, kuma na girmama duk matashin da ya yi ta: shin daidai ne in zaɓar wa mutane shugabanni a wurin da ba ni zan zauna ƙarƙashinsu ba? A kan muƙaman tarayya ba ni da shakka. Dokokinsu suna binka har ɗakinka: harajinka, fasfonka, bizar matarka, ko ɗanka zai gaji ƙasar, da wanda za a aiko ya ɗauke ka in rikici ya ɓarke, kamar yadda Amurkawan da ke Khartum suka gani a Afrilun 2023. Amma in takardarka ta zo da zaɓen hukumar makarantun wata gunduma, ko shugaban 'yan sandanta, ko ƙarin harajin gyaran titunanta, kuma ba ka san mutanen ba, ba ka san matsalar ba, ra'ayina shi ne ka bar gurbin babu komai. Barin gurbi ba ya ɓata sauran ƙuri'ar. Cika shi da ka, don sunan wani ya yi maka daɗi, zalunci ne ga waɗanda 'ya'yansu ke zuwa makarantun.

Wannan ya kawo ni ga sani. Guntun bidiyon da aka turo a WhatsApp, an yanke farkonsa an yanke ƙarshensa, bai isa hujja ba. Duk ƙuri'ar da ɗan majalisa ya kaɗa da sunansa a zauren majalisa a rubuce take a shafin congress.gov, kowa na iya dubawa. Duba me wakilinka ya yi a kan tallafin lafiya, a kan shige da fice, a kan sayar da makamai, a kan Falasɗinu da Sudan in su ne suka fi damunka, sannan ka auna da abin da abokin hamayyarsa yake faɗa. Kuma da zarar sunanka ya shiga rajistar mazaɓarsa, kana da damar rubuta masa wasiƙa a matsayin ɗan mazaɓa. Ofisoshinsu suna da ma'aikatan da aikinsu ke nan, har da bin kadin takardun da suka maƙale a hukumomin tarayya. Kai da ka ga Maiduguri ko Diffa da idonka, kana da abin faɗa musu wanda ba za su samu a rahoto ba.

'Yan Najeriya da ke zaune a waje sun daɗe suna roƙon irin wannan dama daga ƙasarsu, suna aiko da biliyoyin daloli gida kowace shekara, amma a 2022 majalisar tarayya ta ƙi amincewa da gyaran tsarin mulkin da zai ba su. Gana ta yi dokar tun 2006, aiwatarwa ta gagara. Ku taku tana nan a buɗe.

Bayan ka aika, aiki bai ƙare ba. Dokar 2009 ta wajabta wa jihohi su samar da hanyar da mai zaɓe na waje zai duba, kyauta, ko ƙuri'arsa ta isa. Shiga shafin jiharka bayan mako biyu ko uku. In ba ka ga alamar ta iso ba, rubuta wa ofishin zaɓen gundumarka imel, da cikakken sunanka da ranar haihuwa da ranar da ka aika. In sun ce sa hannu bai dace ba ko wani gurbi ya ɓace, jihohi da dama suna ba da 'yan kwanaki a gyara, don haka riƙa duba imel ɗinka, har da akwatin da saƙonnin banza ke faɗawa, har zuwa mako guda bayan zaɓe.